Talaleu da Tambayar Direbobi

Duk wanda ya zauna a layinmu na unguwar Mount Druitt a birnin Sydney ya san tsakin Talaleu kafin ya san fuskarta. Tsaki ne mai tsawo, ya tsallake katangar katako, ya ratsa igiyar shanya, ya same ka a kicin kana yanka albasa, har ka tsaya ka duba ko kai ne ka yi laifin. Galibi ba kai ba ne. Ko dai kare ya yi mata kashi a ciyawa, ko wata ta wuce da gajeren wando, ko kuma ta tuno wani abu da aka yi mata shekara talatin da suka wuce a Samoa, ya taso mata sabo fil.

Doguwa ce kakkaura, shekararta sittin da bakwai, gashi a naɗe a ƙeya, mafici a hannu ko da sanyi ake yi. Ita ce shugabar zumuntar mata ta cocinmu, kuma tun da aka ɗora ta ba a sake zaɓe ba, don ba a sami wadda za ta buɗe baki ta ce lokaci ya yi ba. Shaidar da kowa ya yi mata ɗaya ce: Talaleu ba ta taɓa yin kuskure ba. In gishiri ya yi yawa a girkinta, gishirin ƙasar nan ne ya fi na gida ƙarfi. In ta ɗauko waƙa ta kauce, mai kiɗa ne ya kauce, sauran jama'a kuma suka bi shi.

A tsibirin Savai'i na ƙasar Samoa aka haife ta, can ta auri Aukuso, direban bas. Bas ɗin katako ce mai fenti kala biyar, kuma Talaleu ta yi shekara goma sha biyar a kujerar gaba tana gaya masa yadda ake tuƙi. Har yau in ta fara labarin motar nan sai gwaza ya huce a faranti. A can, in ji ta, ba a barin kowa a tsaye. Yara su tashi wa manya, wanda ya rasa kujera ya zauna a cinyar wanda ya samu, ko ya san shi ko bai san shi ba. In tsohuwa ce a bakin hanya da kwandonta, ba sai ta yi magana ba, samari biyu sun dira sun ɗauke ta har da kwandon. Ba a tambayar babba ko yana son taimako. Tambayar ma rashin tarbiyya ce.

Shekara ashirin da shida ke nan da suka zo Sydney. Aukuso ya sami aiki a kamfanin yin bututu, ya kwaso Turancin ma'aikata, irin wanda ake yi ta hanci baki a rufe. Ita kuwa ta zauna gida ta raini 'ya'ya huɗu, daga gida sai coci, daga coci sai shagon da ake sayar da gwaza da ɗanyen ayaba, kuma duk wuraren nan da yaren gida ake magana. Turancin da ta tara a shekarun nan bai cika cokali ba. Bas kuma sau ɗaya ta taɓa shiga, a watansu na farko. Mota ta cika, ta ga wata budurwa Baturiya a tsaye tana tangaɗi, tausayi ya kama ta, ta jawo ta ta ɗora a cinya. Yarinyar ta kurma ihu kamar an danne akuya, direba ya taka birki, aka sauke Talaleu a tsakiyar hanya. Daga ranar ta yanke hukunci cewa bas ɗin garin nan na marasa uwa ne, ba ta ƙara ko kallonta ba.

Sai bara, cikin zafin Janairu, don a nan lokacin ne bazara, Aukuso ya faɗi yana yankan ciyawa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta koma kalma ɗaya-ɗaya, kowace sai ya yi mata gumi. Bayan wata biyu aka sallamo shi a keken guragu, aka ce duk Talata da Juma'a ƙarfe goma a kai shi sashen gashi na asibiti a motsa masa gaɓoɓi. Masu jiran layi suna da yawa, wanda ya yi fashi sau uku a jere sai a ba wani gurbinsa.

Manyan 'ya'yan sun watsu wasu garuruwa, auta Fuatino ce kaɗai a gida, ita ke kai shi a motarta. A gidan tsofaffi take aiki. Ana nan sai aka mayar da ita aikin safe. Motar coci ta mutu tun kafin Kirsimeti, tasi mai ɗaukar keke kuma in ka kira ta ta ƙarfe tara sai ta zo sha ɗaya, in ta ga dama. Fuatino ta yi ta kewaye-kewaye har kwana uku, sannan ta ce akwai gado a wurin aikinta, akwai masu gashin gaɓoɓi a cikin gidan, ita ma tana can kullum. Ta ɗauki uwar ta je ta gani da idonta.

Tun daga bakin ƙofa wari ya tare ta: fitsari da maganin goge ƙasa da dafaffen kabeji, an fesa musu turare a kai. Lokacin cin abinci suka isa. Kowane faranti 'yan malmala uku, fari da kore da ruwan ƙasa, lagwai-lagwai, kamar abin da jariri ya dawo da shi. Wani tsoho yana gaban talabijin an ɗaura masa tsumma a wuya, abincin yana gangarowa ta haɓarsa, wata ma'aikaciya tana shafa masa kai kamar kyanwa. Talaleu ta juya ta nufi ƙofa. Da suka koma gida ta wanke hannu sau uku, ta jiƙa rigar da ta sa, sannan ta zauna.

"Mama, ba jefar da shi zan yi ba."

"Mutumin da ya ɗauki rabin Savai'i a motarsa, shi za ki kai inda ake zuba wa mutum amai a faranti?"

"To wa zai kai shi asibiti?"

"Ni."

"Da me?"

"Da bas ɗin ƙazaman nan."

Haka aka yi yarjejeniya. In ta iya kai shi, yana nan a gidansa. In asibiti ya cire sunansa, Fuatino za ta cike takardu, babu gardama. Kuma sai uwar ta shiga ajin Turanci da ake yi ranar Laraba a laburare, na waɗanda ke son koyon shiga mota.

Malamar wata tsohuwar Baturiya ce mai suna Glenys, siririya, kullum cikin fara'a kamar an yi mata albishir. Takan jera kujeru biyu-biyu a tsakiyar ɗaki ta ce ga bas, ita ce direba, murfin tukunya ne sitiyari. Ta koya musu gaishe da direba, taɓa kati a jikin na'ura, danna ƙararrawa, da wasu dogayen jimloli na ladabi waɗanda tun da aka ƙera bas ba a taɓa jin mai rai ya faɗe su a ciki ba. Bas ɗin Glenys ba ta da tsani, ba ta da wari, direbanta kuma tana buɗe baki in za ta yi magana. Abu ɗaya ne ya shiga ran Talaleu a ajin. Duk wanda ya amsa tambaya daidai, Glenys takan tafa ta ce "right". Ta tambayi Fuatino ma'anar, aka ce mata daidai ke nan, wato ka yi gaskiya. Ta gyaɗa kai ta ce ashe Turanci ma yana da kalma guda mai hankali. Ta ɗaure ta a bakin zani.

Talatar farko ta yi wa Aukuso wanka, ta murje shi da man kwakwa har yana ƙyalli, ta sa masa farar riga da zanensa mai aljihu na zuwa coci, irin na mazan Samoa, ta turo shi zuwa tasha. Rumfar tashar kuwa Allah ya raba ka. Wani ya yi amai a ƙarƙashin benci ya bushe, tururuwa sun yi masa layi, ga guntayen taba, ga soyayyen dankali an take, ga zarni daga kusurwa yana tashi da zafin rana. Ta ce mijinta ba zai shaƙi wannan ba. Ta kai shi inuwar wata bishiya a bayan rumfar, ta dawo bakin titi ta tsaya.

Bas ta zo, ta ɗaga mafici, ƙofa ta buɗe. A ƙasan ƙofar akwai wani fallen ƙarfe a naɗe, direba kan tashi ya buɗe shi ya zama 'yar gada a tura keke ta kai. Talaleu ta san da shi, Fuatino ta nuna mata a waya. Sai ta tsaya ƙyam, haɓa a sama, tana jiran direban ya sauko kamar yadda ɗan da aka haifa aka raina zai yi. Direban wani jan saurayi ne, zane-zane a fatarsa har wuya, yana taunar cingam kamar saniya. Bai ga keke ba, tsohuwa kawai ya gani a tsaye tana hararsa. Ya leƙo ya ce:

"You right, love?"

Kalma biyu ta kama. Ta ƙarshen ta san ta daga talabijin, wato masoyiya. Ita, uwar masu aure, wannan mai bakin cingam! Ta haɗiye wannan da ƙyar. Ɗayar kuwa tata ce. Tambayarta yake ko ita ce mai gaskiya. Ta gyara tsayuwa ta ba shi amsa ƙarara:

"I right."

Ya gyaɗa kai, ƙofa ta rufe, bas ta tafi ta bar mata hayaƙi. Ta gaba sai bayan awa guda.

Ta koma gindin bishiya ta tarar da kafaɗar Aukuso mai lafiyar tana rawa saboda dariya. Yana ta ƙoƙari: "A'a... Tala... a'a." Ta goge masa baki ta ce ya yi shiru kada ya shaƙe, ba lokacin surutu ba ne. Duk hanyar gida tana gaya masa irin ƙasar da ya kawo ta, inda yaro zai tabbatar kai ne mai gaskiya sannan ya rufe maka ƙofa a fuska.

Ranar Juma'a ta ajiye shi gaba-gaba, warin ko ba warin ba. Direban wannan karon dattijo ne mai tumbi. Ya ga keken, har ya fara miƙewa daga kujera, ya yi tambayar nan tasu. Ta ba shi amsar nan tata, da murya irin ta rufe taro. Ya dubi damatsanta, ya koma ya zauna. Da ta ga babu mai motsi, ta karkata keken baya, ta ɗora ƙafafun gaba, ta sa kafaɗa ta ɗaga mijinta da kekensa gaba ɗaya. Wani abu ya yi ƙas a ƙugunta. Takalmin Aukuso ɗaya ya suɓuce ya faɗa kwata, ta dube shi cikin baƙin ruwa ta ce ya zama na kwatar.

Cikin motar ya fi tashar. Kujerar da ke kusa da wurin keke jiƙe take, ba ruwan sama aka yi ba, ba ta so ta san ko mene ne ba. Ta shimfiɗa takardar ajin Glenys ta zauna a kai. Wani ƙato ya miƙe ƙafa a kujerar gabansa, takalmi da duk abin da ya tako. Wata tana cin kaza da hannun da take riƙe ƙarfe, ta lashe yatsa, ta sake kama ƙarfen. A baya wasu biyu suna tsotsar bakin juna da rana tsaka, har da ƙara. Da ta kai hannu ƙasan kujera za ta gyara zama, sai ta ji ta dangwali cingam, mai ɗumi ma kuwa. Ta riƙe yatsan a sama kamar ba nata ba har ta sami takardar goge hanci.

Cikin wannan ne hanya ta ɓace mata. A motar Fuatino ta ƙofar baya suke shiga asibitin, bas kuwa ta wani gefe take bi, gine-ginen duk iri ɗaya. Ta zaro takardar asibiti tana duba ta, tana leƙen taga, tana miƙa wuya hagu da dama. Wata mata mai koren gashi da ƙarfe a hanci ta sunkuyo ta yi mata tambayar. Talaleu ta dube ta sama da ƙasa ta ce ita ce mai gaskiya. Matar ta mayar da abin jin waƙa kunne. Aukuso ya yi ta buga hannun keke da tafinsa, aka ce masa ya bari mutane suna kallo. Haka suka tafi har inda gidaje suka ƙare, sai fili da dawakai biyu suna kiwo. Kafin su juyo su gane asibitin, sha ɗaya da rabi ta wuce.

Asibiti ya aika wa Fuatino saƙo a waya. An yi fashi biyu, saura ɗaya. Ta dawo daga aiki da takardu a ambulan, ta ɗora su a kan firji, inda duk mai shan ruwa zai gani.

Ranar Lahadi bayan sujada muna ɗakin taro muna cin abinci, Talaleu ta kwance labarin tun daga farko, tana kaɗa mafici, tana tir da direbobi da iyayen da suka haife su. Maƙwabciyarta ta hagu, Pelenatete, shekara ashirin tana sharar ofisoshi, bas uku take hawa kullum, kuma ita ce ta zo ta biyu a zaɓen nan da ba a sake ba. Tana jin an zo wurin amsar sai ayaba ta shaƙe ta. Aka bubbuga mata baya, ta sha ruwa, hawaye yana zuba.

"Suga," ta ce, yadda mata kan kira juna, "ba tambayarki suke ko ke ce mai gaskiya ba. Wa ya damu? Cewa suke, kina buƙatar taimako? In kika ce musu haka, kin ce su ƙyale ki, kin iya abinki."

Mafici ya tsaya.

"Duka ukun?"

"Direbobi biyu da mai koren gashi. Ke kika kore su."

"To in ana so a taimaka fa, me ake cewa?"

Pelenatete ta dubi na dama da ita, ta dubi na hagu, ta goge baki a hankali.

"Sai ki ce ba ki yi daidai ba. Ki sa 'not' a tsakiya."

"Babu wata hanyar?"

"Babu, suga. Haka yarensu yake."

Duk muka gyaɗa kai. Allah ya yafe mana, a cikin ɗakin coci ne kuwa. Kowa a teburin nan ya san kalma ɗaya ta isa, ko ma ka nuna keken da yatsa. Amma akwai waɗanda suka yi shekara ashirin suna jiran wannan jimla daga wannan bakin, ba kuma kullum ake samun dama irin wannan ba.

Talaleu ta ture farantinta. Ta ce wannan ba yare ba ne, wulaƙanci ne aka jera. A ce babba ba zai sami hannu ba sai ya tsaya gaban yaro ya ce shi mai laifi ne? Ta ce ko a gaban fasto ba ta taɓa faɗin haka ba, shi ma da ya nema bai samu ba. Da ta koma gida ta tsaya kan Aukuso ta tambaye shi ko gaskiya ne. Ya gyaɗa kai. Ta ce ashe ya sani ya yi shiru? Ya yi ta fama da leɓensa har ya fito da "Na... faɗa," ya ɗaga mata yatsu biyu. Ta ce ai wanda zai yi magana ya kamata ya yi ta yadda za a ji.

Fuatino ba za ta tambayu ba, don tambayarta daidai yake da miƙa mata biro. Aji kuma sai Laraba, Talata ce a gaba. Ranar Litinin da hantsi aka ji injin wanki yana aiki a gidan har sau uku, alhali igiyar shanya babu komai. Pelenatete ta rantse cewa tsakanin ƙarar injin ta jiyo wani abu kamar mutum yana ƙoƙarin fitar da ƙayar kifi daga maƙogwaro.

Talata ta waye da ruwa. Talaleu ta lulluɓe Aukuso da ledar tebur, ta turo shi tasha, sai ta tarar da mata huɗu na zumunta a rumfar, cikin kayan fita. Wannan za ta je ganin likitan haƙori, waccan za ta mayar da takalmi shago, Pelenatete kuma iska ta fito sha, cikin ruwa. Talaleu ba ta gaishe da kowa ba. Ta tsaya bayan keke, leɓenta yana motsi, fuskarta kamar ta mai shirin shan maganin tsutsa.

Bas ta zo. Direbar wata ramammiyar mata ce mai furfura. Ta dubi keken, ta ja birki, ta tashi, ta buɗe 'yar gadar ba tare da ta ce komai ba, ta koma ta zauna. Talaleu ta tura mijinta ciki salun-alun, ta taɓa kati, ta juyo ta dubi matan ta gilas, ta buɗe maficinta. Mai ciwon haƙori ta ce ya daina. Aka watse, kowa ya jiƙe a banza.

Amma ruwan bai gama da ita ba. Motar cike take, tagogi a rufe, numfashin mutum arba'in ya rufe gilas da tururi, ga warin jiƙaƙƙen kaya da na hamata. Kusa da ita wani ma'aikacin gini ne a tsaye, rigarsa mai ruwan lemo duk siminti, takalminsa taɓo, yana ƙarnin gumin jiya da na shekaranjiya, in mota ta karkata sai gwiwar hannunsa ta gogi kafaɗarta. Ta sa gefen ledar tebur ta share gilas, abin da ya biyo ledar ya sa ta kau da kai. A waje ba ta ga komai ba sai fitilun motoci da ruwa. Alamar da ta riƙe ranar Juma'a, wani shago mai shuɗin rufi, ko sun wuce shi ko ba su kai ba, ba ta sani ba. Agogon hannunta ya ce goma saura kwata.

Ta zaro takardar asibiti ta ɗaga ta yadda kowa zai gani. Ta miƙa wuya, ta leƙa nan, ta leƙa can, ta yi duk abin da ta yi ranar Juma'a har da ƙari. Yau da take jiran tambayar, babu wanda ya yi ta. Kowa ya sunkuyar da kai cikin waya, wani ma yana haƙar hanci. Saura minti goma sha biyu. Aukuso ya kama wuyan hannunta da hannunsa mai lafiya. Ba dariya yake ba yanzu. Ya dube ta, ya dubi gaban motar.

Ta tashi. Ta ratsa jiƙaƙƙun lemomi da jakunkuna, tana riƙe ƙarfen da ta rantse ba za ta taɓa ba, har ta kai bayan direbar. Ta buɗe baki, abin ya fito kamar raɗa. Direbar ta nuna kunnenta, ido a kan titi, ga ƙarar inji ga ta ruwa. Talaleu ta ja numfashi, ta sauko da muryar da take ɗauko waƙa a coci:

"I not right!"

Kawuna arba'in suka ɗago a tare. Mai haƙar hanci ya tsaya da yatsa a ciki.

A jar danja direbar ta karɓi takardar ta duba, ta yi wata magana da sauri tana nuna baya da babban yatsa. Sun wuce da tasha ɗaya. Ta tsaya a ta gaba, ta buɗe 'yar gadar, ta ɗaga murya ta ce wani abu ga fasinjoji. Wanda ya amsa shi ne mai ƙarnin gumin. Kafin Talaleu ta kai ga keken ya riga ya kama hannayensa, ya sauke Aukuso, ya nufi tudu da shi kusan da gudu, ita tana biye tana haki, ƙugu yana sara, iska kuma tana kwaso warinsa tana kai mata kai tsaye cikin hanci. A ƙofar asibiti ya saki keken, ya bubbuga kafaɗar Aukuso, ya juya cikin ruwa. Ya bar shatin yatsu biyar na siminti a farar riga. Agogon bango ya ce goma saura minti biyu lokacin da aka rubuta sunan Aukuso.

Ƙarfe uku Fuatino ta dawo daga aiki. Ta tarar da uwar a bakin famfon waje, ta kifar da keken tana dirzar tayoyinsa da burushi da ruwan zafi, hanci a ɗaure da ɗankwali. Uban yana zaune a kujerarsa bakin ƙofa, sabuwar riga a jiki, kwanon gwaza a cinya. Ta duba wayarta, babu saƙo. Ta sake dubawa.

"Yaya hanya, Mama?"

"Ƙazanta."

"Kin sha wahala?"

"Wahalar me? Bas ce kawai."

Aukuso ya yi wani sauti a hanci, gwaza ya faɗo masa. Fuatino ta dube su duka biyun, ta shiga ciki. Da ta fito za ta kulle mota, ambulan ɗin yana hannunta, ta jefa shi kujerar baya. Washegari aka ba wani gadon nan na gidan tsofaffi.

Abin da ya faru a cikin motar ba daga bakin Talaleu aka ji shi ba. Masu gashi sun ce a riƙa sa Aukuso magana, harshe ma motsa shi ake yi, shi kuwa labari ɗaya ya zaɓa. Kullum da la'asar in an fito da shi shan iska, Pelenatete takan jingina da katanga, ya ba ta kalma biyar ko shida, gobe ya ɗora. Mako uku ya ɗauka kafin ya kai wurin mai haƙar hanci. Da aka tuntuɓi Talaleu a taron zumunta, ta ce ciwon nan yakan taɓa ƙwaƙwalwa, a yi masa addu'a. Sannan ta buɗe littafin aiki ta rubuta Pelenatete a wankin banɗakin coci har ƙarshen shekara.